Mai Filo da Kwamfuta Mai Suma

A layinsu da wuya ka sami gidan da ba a ɗora kai a kan aikin hannun Mai Filo. Shekara talatin da wani abu tana ɗinka matashin kai da 'yan katifun jarirai, da keken ɗinki ɗaya mai taka ƙafa, wanda ya girmi 'ya'yanta duka. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, kullum da farin gashin auduga a girarta da gefen ɗankwalinta, har mutane suka daina bambance furfura da aiki. A wajen yayar mahaifiyarta ta koyi sana'ar, wata tsohuwa da in ta taɓa filo ta ji ƙulli a ciki sai ta farke shi gaba ɗaya ta miƙo maka, ko kallonka ba za ta yi ba. Mai Filo ta gaji wannan hali. Abu in bai yi ba, to bai yi ba, kuma ba ta iya barinsa ta tashi.

Mijinta direban tirela ne. Kowa Direba yake ce masa, har ita. In aka tara kwanakin da ya yi a gida cikin shekara talatin da ɗaya na aurensu, da ƙyar su cika shekara shida. Ita ta kai yara makaranta, ita ta kai su asibiti, ita ta gyara famfo da ƙofar da ta ɓalle. Shi kuwa in ya dawo sai ya zauna a tsakar gida yana ba da labarin kwanonin hanya da gadoji kamar shi ya gina su, tana ɗinki tana cewa, "To, sannu da ƙoƙari, mai hanya."

Wata rana ya sauko daga mota zai duba taya, ɓarin jikinsa na hagu ya ƙi bin sa. Aka kwaso shi. Bayan sati biyar a asibiti aka dawo da shi gida, baki ya ɗan karkace, ƙafa tana ja, hannun hagu a dunƙule a ƙirji kamar yana ɓoye wani abu.

Watan farko ɗakin ba wurin zama. Abokan hanya suka yi ta zuwa, kowa da "ai muna tare." Wata na biyu suka koma waya. Wata na uku ko wayar babu. Mutanen da ya ja wa mota a daji, ya kwana yana tsaron kayansu, ko leƙowa suka daina. Haka mutane suke, kuma duk wanda ya yi jinya ya sani.

Mai gashin ƙashi da ke zuwa sau biyu a sati ta ba shi ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa. Tana fita ya wurga ta ƙarƙashin gado da hannunsa mai lafiya.

"Ni da na riƙe sitiyarin mota mai taya goma sha takwas," ya ce a hankali, kalmomin suna jan ƙafa, "za a ba ni ƙwallon yara?"

Mai Filo ta sa tsintsiya ta zaƙulo ta. Ya sake wurgawa. Kwana tara suna haka.

Auta ce ta kawo mafita, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke aikin ofis a wani gari mai nisa. Ta zo hutu da tsohuwar kwamfutarta, irin ta ɗorawa a cinya, ta saka masa wasan tuƙin babbar mota. Ka ɗauki kaya, ka bi titi, ka kai su inda aka ce. Akwai ruwan sama, akwai tudu, akwai masu ƙananan motoci marasa kunya da ke shiga gabanka. Sai dai yarinyar ta yi dabara, ta shirya madannan yadda juya sitiyari ya faɗo a hannun hagu.

Direba ya dube ta da gefen ido. "Ke, wa kike wa wayo?"

"Wallahi Abba haka suka ƙera shi."

Ƙarya take yi, kuma ya sani. Amma motar tana tsaye a fuskar kwamfuta, inji na kuka, titi a buɗe. Bai iya haƙuri ba.

Ranar farko ya afka rami sau goma sha ɗaya. Sati uku bayan haka ɗan yatsansa na tsakiya yana danna madanni shi kaɗai. Mai gashin ƙashi ta murza hannun, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja Mai Filo waje.

"Mama, ko mene ne kuke yi, kada ku daina. Waɗannan watannin su ne hannu ke dawowa in zai dawo. In suka wuce yana dunƙule, to sai dai haƙuri."

Mai Filo ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Ran nan ta kwaso keken ɗinkinta da buhunan audugarta daga ɗakin baya, ta jera su a ɗakin Direba, kusa da taga. Ta ce mutumin da ya faɗi sau ɗaya ba za ta bar shi shi kaɗai ya faɗi na biyu ba. Shi yana tuƙi a gado, ita tana ƙasa tana bugun auduga da sanda, tana yagarta, tana cusawa. In rana ta shigo ta taga sai ka ga ɗakin ya cika da 'yan fararen gasu suna yawo a iska. Tun da aka yi aurensu ba su taɓa yini tare haka ba.

Wata safiya tana sauya masa wando ta ga jan tabo a cinyarsa ta hagu, faɗin tafin hannu, har ya fara tasowa.

"Direba! Wannan fa?"

Ya leƙa. Bai ma san da shi ba, wajen ba ya ji. Gindin kwamfutar ne ya gasa shi.

To, mai filo aka ƙona wa miji, me za ta yi? Ta zauna ta ɗinka wa kwamfutar matashi. Kuma ba aikin wasa ba. Ta zaɓi auduga mafi laushi, ta yi shi da kauri, ta auna na'urar da tef ta yi mata rami daidai jikinta yadda za ta nutse ciki ba ta motsi, ta ɗaga gefe da gefe, ta bi bakin da zare ja. Duk wanda ya gani sai ya yaba. Cinya ta warke.

Kwana huɗu bayan nan kwamfutar ta fara suma.

Direba ya karɓi aiki mafi tsawo a wasan, kaya zuwa wani gari bayan dutse, tafiyar sama da awa ɗaya. Ya fita gari, ya hau babban titi. Can fankar cikin na'urar ta fara kuka kamar an shaƙe ta, motar ta fara tafiya tana tsalle-tsalle, yana dab da wata doguwar gada sai ɗif. Fuska baƙa. In an kunna, an mayar da shi farko. Washegari haka. Jibi haka. Kullum minti ashirin ko ƙasa, kullum a bakin gadar nan. Mai Filo ta juyo da fankar tsaye ta saita ta a kansu, shi da na'urar. Bai hana komai ba. Ta ƙara wa matashin auduga, don a ganinta abin da ke zafi ai laushi yake so.

Rana ta shida ya rufe kwamfutar da kansa, ya ture ta gefe.

"Har motar ƙarya ma ta ƙi ni," ya ce. Ya juya ya fuskanci bango.

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce a gwada gajeriyar hanya. Ko motsi. Kwana uku, ta ga yatsun sun fara komawa cikin tafin hannu.

A wannan satin Yaya ta zo, babbar yayar Direba, da carbinta da jakarta da ra'ayinta a kan komai. Da ta ji labari sai ta ɗaga hannu sama.

"To alhamdulillahi! Dama abin yana damuna. Dattijo da jikoki yana wasan yara? Mutane na magana fa."

"Su wa, Yaya?"

"Mutane mana."

"Mutanen da ko sannu ba sa zuwa yi masa? Ki ce su zo su faɗa a nan, in ba su kujera. In sun gama sai su ɗaga shi su kai shi bayan gida, mu ga bakin magana."

"Ke dai bakinki ba linzami tun kina amarya."

"Yaya, ƙaninki ne. Hannunsa nake nema. In da wasan 'yar tsana zai dawo da shi, da na ɗinka masa goma."

Washegari ta naɗe kwamfutar a cikin matashinta, ta sa a jaka, ta nufi layin masu gyara. Wuri ne mai matsi, rumfuna a jere, kowane teburi da tulin wayoyi da ƙarfen narka dalma yana hayaƙi. Ta tsaya gaban wani mai gyara mai gilashi a goshi. Ya zare na'urar daga matashin, ya ture matashin gefe ko kallo bai yi masa ba, ya kunna, ya kashe, ya juya ta.

"Mama, wannan ta tsufa. Wasan ya fi ƙarfinta. Ki ce wa yaron ya haƙura."

"Ba yaro ba ne. Ka buɗe ka duba."

"Ko na buɗe abin da zan faɗa ke nan."

"Kai likita ne da ke gane ciwo daga bakin ƙofa? Da can tana yi, yanzu ta daina. Wani abu ne ya canja."

Ya yi dariya, ya dubi na kusa da shi. "Mama, ki je ki turo mai ita, mu yi magana da shi."

Ku ji fa. Matar da ta kwance keken ɗinki ta mayar sau ba adadi, wai ta je ta turo namiji. Kuma namijin yana kwance yana kallon bango. Amma ba ta tafi ba. A gefen teburinsa akwai wata kwamfutar a buɗe, cikinta a waje. Ta sunkuya ta ƙare mata kallo: 'yar fanka kamar murfin kwalba, wani jan ƙarfe lanƙwasasshe da ya tashi daga tsakiya ya nufi gefe, a ƙarshensa wasu siraran haƙora a jere kamar na matsefi.

"Wannan matsefin fa, aikin me yake?"

"Nan zafi ke fita," ya ce, yana duba wata waya.

Ta ɗauki kayanta ta dawo gida. Ta sami Direba yadda ta bar shi. Ta zauna a bakin gado, ta yi magana da bayansa.

"Direba, tambaya zan yi maka, ba ta wasa ba. In mota ta ɗau zafi a hanya, me kake fara dubawa?"

Ta san shi, ba zai iya barin wannan tambaya ta wuce ba. Ta jira.

"Ruwa," ya ce da bangon.

"In ba ta shan ruwa fa?"

"Wace mota ce ba ta shan ruwa?"

"Ka amsa mini dai."

"Lagireto, mai sanyaya inji. In ƙura da ciyawa suka toshe shi, iska ba ta wucewa. Sai fanka." Ya gyara kwanciya. "Kuma direban kirki ba ya jira inji ya ƙone. Kashewa yake yi."

"To ita ma kashe kanta take yi."

A hankali ya juyo. Ta miƙa masa na'urar a cikin matashinta. Ya ce ta ciro ta, ta kifa ta. A gindin akwai ramuka sirara a jere, a gefe ma akwai wasu. Ya dubi ramukan, ya dubi matashin da raminsa da ɗagaggun gefunansa da jan zarensa. Sannan ya dubi matarsa.

"Uwar Auta. Ta nan take shan iska. Ta nan take fitarwa. Kin sa mata filo a hanci."

Mai Filo ta ji kunya ta rufe ta tun daga ƙafa. Aikin da ta fi alfahari da shi a shekarar nan. Sai ga kafaɗar Direba tana rawa. Dariya yake yi, irin ta rabin baki, ta farko tun da aka dawo da shi.

"Yi dariyarka," ta ce. "Cinyar wa na ceta?"

Ta wurga matashin kan buhuna, ta ɗauko katakon da take yanka yadi a kai, ta ɗora masa a cinya, ta sa murafun kwalba biyu a ƙarƙashin bayan na'urar don ta ɗaga. Ya yarda ya gwada. Ya haye gadar. Minti goma bayan gadar, ɗif.

Ta ga fuskarsa tana shirin rufewa, ta riga shi. "Kai ka ce lagireto. Ba mu duba lagireto ba."

Ta kira Auta ta waya mai hoto. Yarinyar ta zaro ido.

"Umma, ke za ki buɗe? Ki bari in zo ƙarshen wata."

"Hannun ubanki ba zai jira ƙarshen wata ba. Faɗa mini abin da zai kashe ni da abin da zai kashe ta, sauran ki bar mini."

Auta ta faɗa. A kashe ta gaba ɗaya, a zare caja. Da an ɗaga murfi, kafin a taɓa komai, a zare wayar batir. Kada ƙarfe ya gogi allon ciki. Kada ruwa ya kusanto. In za a hura fanka a riƙe ta, kada ta yi ta juyawa a banza. Kuma ƙarƙashin jan ƙarfen nan akwai wani mai mai launin toka da ke ɗaukar zafi ya miƙa wa ƙarfen. In ya bushe sai an goge an sa sabo.

Mai Filo ta koma wajen mai gilashi a goshi, ta ce ya ba ta man da ƙaramin sukudireba.

"Wa zai shafa, Mama?"

"Mai ita."

Da hantsi ta share ɗakin, ta shimfiɗa baƙin yadi a kan teburin keke. Ta ɗauki allin tela ta zana gindin kwamfutar a kan yadin, yadda take zana riga kafin yanka, ta sa ɗigo a wurin kowace ƙusa. Duk wadda ta kwance sai ta ajiye ta a kan ɗigonta, don ta lura ba tsawonsu ɗaya ba. Goma sha ɗaya. Murfin ya ƙi tasowa. Ta bi gefensa da wani tsohon katin roba a hankali, kamar mai farke ɗinkin da ba ta so yadin ya yage, yana ƙas, ƙas, har ya taso. Ta zare wayar batir da farce.

Direba yana zaune a kujera kusa da ita, ya riƙe wayar da hannun dama yana haska wa Auta.

"Umma, ɗaga fankar. Ƙusa biyu ne."

Ta ɗaga. Tsakanin fanka da haƙoran matsefin akwai wani abu fari-fari mai kauri, a danne, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta sa hantsaki ta ja, ya fito gaba ɗayansa bai yage ba, kamar an saƙa shi. Ta murza shi tsakanin yatsu biyu. Ba ta buƙatar kowa ya faɗa mata. Shekara talatin tana taɓa wannan abu.

"Tawa ce," ta ce.

"Har a ciki kin yi mata katifa," in ji Direba.

"Umma, a ɗakin kike bugun auduga?"

"Yi shiru ki faɗa mini na gaba."

Na gaba shi ne hura fankar. Ta ɗauko famfon hura ƙwallo da buroshin da take share keke da shi. Famfon hannu biyu yake so. Wa zai riƙe fanka? Direba zai ajiye wayar, ta ce a'a, Auta tana kallo. Ta ɗauki tsinken sakace, ta buɗe yatsun hannunsa na hagu, ta sa shi tsakanin babba da manuni, ta kai bakin tsinken tsakanin fukafukan.

"Riƙe. In ka saki, ta lalace."

Ba gaskiya ba ce sosai, amma ta koya a wajen 'yarta. Ya riƙe. Hannun yana rawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ta yi ta hurawa ƙura na tashi, ya riƙe har ta ce ya isa.

Sai jan ƙarfen. Ta kwance shi, ta tarar man ya bushe ya tsage kamar tsohon fenti. Ta goge da ƙyalle mai tsabta da ɗan ruwan goge rauni na kwalba da Auta ta ce ba ya barin danshi, har wurin ya yi ƙyalli. Ta matso sabo.

"Kaɗan, Umma! Kamar ƙwayar wake. Ba man shafawa ba ne."

"Na ji. Ke kin taɓa ganin na yi ɓarna?"

Ta mayar da komai, kowace ƙusa daga ɗigonta zuwa raminta. Babu wadda ta rage a kan yadi. Ta danna. Daƙiƙa uku ba komai, ta ji kamar ranta zai fita. Sai fuska ta kawo haske. Ta kai bayan hannunta gefen na'urar, ta ji iska tana fita sosai, ɗumi-ɗumi. Auta ta nuna musu inda ake rage kwalliyar hoton wasan, inuwa da ƙyallin ruwan sama, don na'urar ta rage wahala. Direba ya ce shi dama ba kallon gajimare ya zo yi ba.

Da ta kashe wayar sai ta tsaya tsakiyar ɗakin tana kallon buhunanta. Nan ne abin ya yi mata nauyi, ya fi kwance ƙusoshi. In ta ci gaba da aiki a nan, wata ɗaya ya isa matsefin ya sake toshewa. In ta daina aiki, gidan ba zai ci abinci ba. In ta fita da aikin, ta bar shi shi kaɗai, ƙofa a rufe, mutumin da ko tari ya yi sai ta ɗago kai. Kuma, ko da yake ba za ta faɗa wa kowa ba, ta saba da zaman. Shekara talatin tana jin labarin hanya bayan an dawo, sai yanzu ne take ganin kwanonin tare da shi.

Ta ja numfashi, ta sunkuci buhun farko.

"Ina za ki?"

"Baranda."

"Rana fa tana dukan wajen."

"Zan rataya zani. Ga ƙararrawar keken hawa nan na ɗaura maka a hannun kujera. In ka ji wani abu, ka kaɗa. In ka kaɗa don wasa, wallahi sai na zare cajar."

Ta goge taga da ƙasan ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, ta ja keken waje da kanta, ta rufe ƙofa.

Washegari bayan ya karya ya ɗauki kayan garin bayan dutse. Ita tana baranda, zafi na dukan ƙeyarta ta cikin zanin, agogo a kan teburin keke. Tana taka keken tana tsayawa, tana kasa kunne. Minti ashirin. Kukan injin wasan yana fitowa ta ƙasan ƙofa. Rabin awa. Ta tashi, ta kai hannu ga mariƙin ƙofa, ta dawo ta zauna. Minti arba'in da biyar. Wata maƙwabciya ta leƙo tana tambayar filonta, Mai Filo ta ɗaga mata hannu ta ce gobe, ko juyowa ba ta yi ba. Awa ɗaya.

Awa ɗaya da minti shida ta ji ƙara, sannan ihun Direba.

Ba ta san lokacin da ta tsallake buhu ta banka ƙofar ba. Yana zaune daram a kujerarsa. Kwamfutar tana kunne, fanka na juyawa a natse. A fuskarta tirela ce kwance a gefen dutse, tayoyi a sama.

"Ta mutu?"

"Wa ya ce ta mutu? Ni na kayar! Kwana ce mai kaifi a gangare, na san ta, na rage giya, yatsan nan ne ya zame." Ya harari hannunsa kamar yaron da ya yi masa rashin kunya. "Saura kilomita tara. Tara!"

Fuskarsa ta yi ja don haushi, jijiyar wuyansa ta tashi. Rabon da ta ga wannan fuska tun yana dawowa daga hanya yana zagin masu gyaran titi. Ta taɓa gefen na'urar, ɗumi ne kawai.

"To ka huta, gobe ka sake."

"Gobe? Kaya na kwance a daji ki ce gobe?"

Hannun hagun ya zame ya faɗo kan cinyarsa lokacin da ya yi ihun. Tun ranar da ya faɗi, sai dai a ɗauki hannun nan a ajiye shi inda ake so, ko ita ko hannunsa na dama. Ta matso za ta ɗauka. Kafin ta kai, ta ga gwiwar hannun ta motsa. Ya taso daga cinya, a karkace, yana rawa, ya bugi bakin katako, ya sake tasowa, ya sauka a kan madannan. Shi bai ma lura ba, idonsa na kan taswira yana neman inda zai fara.

Ta buɗe baki ta rufe. Ta san mijinta, in ta yaba zai tsargu ya daina.

"Me kike tsaye yi?" ya ce bai dube ta ba. "Jikinki duk auduga. Fita ki ja mini ƙofa."

"To, ranka ya daɗe. A sauka lafiya."

Ta ja ƙofar, ta tsaya a bayanta har ta ji inji ya tashi. Ta goge idonta da gefen zani, ta koma kan keke, ta ɗauki filon da take kai. Sai ta ga ta ɗinke bakinsa ta ko'ina tsaf, ba ta cusa masa komai ba. Ta yi tsaki, ta ɗauki reza ta fara farkewa.